Abu Uku Da Na Riƙe Wa Maigida

Tun da Auta ta ce za ta kai babanta asibiti a duba masa hawan jini, na san da wata a ƙasa. Hawan jinin da ake auna masa a kemis ɗin bakin layi? Ni za a yi wa wayo, ni da na haife ta?

Ai tun ranar da tukunya ta ƙone ƙurmus a kan gas, hayaƙi ya turnuƙe har maƙwabta suka shigo da bokiti, take ta ƙus-ƙus da yayyenta a waya. Maigida ya ce shi ya ɗora ya manta. Shi ke nan sun samu abin da suke nema. Da an ce ya fara ruɗewa, za su kwashe mu daga gidanmu su ajiye mu a ɗakin baya na gidan Auta, jikin janareto. Wallahi ba inda za ni. Na yafa mayafi na bi su.

Ɗakin da aka kai mu a asibitin ɗan ƙarami ne, teburi da kujeru da wata fanka mai ƙara. Ina shiga na lura an cire agogon bango, ga ƙusar nan tsirara. Na ce a raina, to, an shirya mana ke nan. Nas ɗin da muka tarar sai murmushi take, ni kuwa murmushin nan bai kwanta min ba.

Ta ce, "Baba, zan faɗi abu uku, ka riƙe min su, anjima zan tambaye ka."

Ta faɗe su a hankali. Ni kuma daga gefe na lanƙwasa yatsa ɗaya-ɗaya a ƙarƙashin mayafi. Tela ce ni, kuma duk tsawon ɗinkina ban taɓa rubuta awon mutum ba. Kafaɗa, ƙugu, tsawo, a yatsa nake riƙe su har in yanka yadi. Idan Maigida ya kakare, zan san yadda zan yi in jefa masa.

Sai ta miƙa masa biro ta ce ya zana fuskar agogo. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gyaran agogo!

Ya ce, "Yarinya, mai batir kike so ko wanda ake wanawa da hannu?"

Ya zana tsaf, har da ɗan kunnen da ake wana agogo da shi a gefe. Na harari Auta.

Nas ta ce, "To Baba, ina abubuwan nan nawa uku?"

Na zaro hannuna na duba. Yatsu uku a lanƙwashe gam, babu komai a cikinsu. Na matsa na farko, shiru. Na biyu, shiru. Na ce shi ke nan, na kayar da shi, gida ya tafi.

"Lemo, kujera, jirgi," in ji Maigida, ko kallona bai yi ba.

Nas ta ce babu kuskure ko ɗaya. Daɗi ya kama ni, na ce, "Kin ji ko, Auta? Sai a shafa mana lafiya."

Auta kuwa hankalinta na kaina. Hannuna take kallo. Can ta juya wajen babanta, idonta ya ciko.

"Baba, tsakaninka da Allah, yaushe ka fara ɗora tukunya? Kai da ko ruwan shayi sai an dafa maka."

"Na ce miki ni ne."

Ya miƙo hannu ya rufe yatsun nan nawa, yadda ake rufe abin da ba a so baƙo ya gani. A nan na ji tsoro na gaske.

Nas ta jawo kujerar gaban teburi, ta ce, "Mama, ko za ki ɗan dawo nan?"

Na ƙi motsi. Maigida ya sunkuyo daidai kunnena.

"Je ki zauna. Ki riƙa kallona, ni zan riƙe miki."