Gwajin Tafiya

A wurin aikin Auta akwai doka guda da ba a ƙetarewa: ba a sakin manhajar kwamfuta ga jama'a sai an gwada ta a cikin ofis, an ga inda take tuntuɓe. Doka ce mai kyau ga na'ura. Kuskurensa shi ne da ya ɗauko ta daga ofis ya shigar da ita ɗakin ubansa.

Wani kamfani na ƙasar waje ne ya ga aikinsa ya yaba, ya yi masa tayin albashi mai tsoka da gida da takardar zama. Sharaɗinsu ɗaya ne, sai ya tattara ya koma can, kuma suna son amsa kafin wata ya ƙare. Irin damar da sa'o'insa ke addu'a a kanta ce. Amma a ɗakin da ke kallon nasa akwai Baba, tsohon direban babbar mota, wanda ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar tun bayan rasuwar mahaifiyarsu. Hannun dama ya mutu, ƙafar dama sai ja. Baki kam ciwon ya bar masa, shi kuwa da kaifinsa. Auta ne ke ɗaga shi da safe, ya kai shi banɗaki, ya yi masa wanka, ya sa masa kaya, sannan ya rataya jakar kwamfuta ya fita. Ofishin ba nisa, don haka da rana ma yakan leƙo.

Auta bai ce zai tafi ba, bai ce ba zai tafi ba. Kayan aiki ya sayo. Ya kafa kyamara a saman ƙofa, ya ɗaura wa Baba agogo mai auna bugun zuciya da hawan jini, ya ajiye akwatin magani mai ƙara in lokacin sha ya yi, ya jingina ƙaramar kwamfuta a gefen gado don su riƙa ganin juna. Ya haɗa su duka da wayarsa. Sannan ya ɗauki ma'aikacin jinya, wani dattijo mai natsuwa da ya daɗe yana aiki a asibiti.

Yayarsa, malamar makaranta da ke aure a ɗaya gefen gari, ta zo ta same shi a kan kujera yana ɗaure wayar lantarki a bango.

"Wannan kuma fa? Banki za ka buɗe a ɗakin Baba?"

"Gwaji zan yi, Yaya. Zan koma ɗakin Dogo, abokin aikina, can bayan kasuwa, na mako guda, kamar na riga na tafi. Ba zan leƙo ba, sai ta waya. In komai ya nuna kore, in amsa musu. In ya nuna ja, in haƙura."

"Kamar ka tafi? Kai da za ka kwana a bayan kasuwa?"

"Haka muke yi a wurin aiki."

"Uban naka ne za ka gwada kamar sabuwar fanka?"

Baba ya ɗaga hannunsa mai lafiya daga kan gado. "Ke, ƙyale shi. Mota ma sai an zagaya da ita kafin a ɗora mata kaya. Auta, in na ci jarabawar akwai takardar shaida?"

"Har da kyauta, Baba."

Suka yi dariya su biyu. Yaya ba ta yi ba. Ta ɗauki mayafinta ta ce Allah ya kyauta.

Gwaji ya fara, kuma ya yi kyau fiye da yadda Auta ya zata. Kowace safiya yakan buɗe wayarsa ya ga kore daga sama har ƙasa. Magani an sha a kan lokaci, jini bai hau ba, barci ya isa. In ya kira, Baba na zaune a jingine da matashi, hula a kai, yana tsokanarsa.

"Ya sanyin ƙasar taku? An ce ƙanƙara na zuba a bayan kasuwa."

Ma'aikacin jinyar ma ya yaba. "Ban taɓa ganin majinyaci mara fitina irinsa ba," in ji shi. "Ko banɗaki bai cika nema ba. Wanka kuwa ya ce in bar shi, yana jin sanyi, sai dai in goge masa fuska da hannu."

Auta ya ji wannan magana da kunnensa, ya sa ta cikin jerin labarai masu daɗi. Wanda ya riga ya ƙulla abin da yake so ya ji, ko kukan mutuwa aka yi masa sai ya ji guɗa. A ofis Dogo ya fara kiransa Bature, yana cewa ya bar masa kujerarsa mai juyawa ya gada. Auta har ya fara duba farashin rigunan sanyi.

Mako bai cika ba. Ana tsakiyar taro da rana wayarsa ta yi ƙara, ma'aikacin jinya ne. Ya ce Baba yana sambatu, yana kiran marigayiya matarsa ta kawo masa makullin mota, leɓɓansa sun bushe sun tsage. Auta ya duba fuskar wayar kafin ya tashi. Kore ne har yanzu, sai bugun zuciya da ya ɗan ƙaru.

A asibiti likita ta ja fatar hannun tsohon ta saki, fatar ta tsaya a tattare kamar takarda. Ta sa aka ɗaura masa ƙarin ruwa, ta ce ƙodarsa ta fara wahala, da an ƙara jinkiri da labarin ya sha bamban.

"Yaushe rabonsa da shan ruwa?"

Auta ya buɗe wayarsa. Akwai bugun zuciya na kowane lokaci, akwai barci, akwai magani. Babu ruwa. Bai sa shi cikin abin aunawa ba, domin bai taɓa tunanin abu ne da za a auna ba. Ma'aikacin jinya ya rantse kullum yana cika masa kofi, kuma kullum yana samunsa babu komai. Yaya ce ta je gida ɗauko kaya, ta ja gadon, ta ga darduma a jiƙe sharkaf tsakanin gado da bango, daidai inda kyamara ba ta kaiwa.

Washegari da hantsi hankalin Baba ya dawo. Auta ya zauna a bakin gadon asibitin, ya daɗe bai iya haɗa ido da shi ba.

"Baba, me ya sa?"

"Dabarar doguwar hanya ce. Duk direba ya san ta. In ba ka son tsayawa, kada ka sha."

"Ai akwai mai kai ka banɗaki."

"Mutumin kirki ne, ban ce ba. Amma ban haife shi ba. Ranar farko ya kama mazugin wandona, na ji da ma ƙasa ta tsage in shige. Kai na wanke ka kana jariri, in ka wanke ni ba wanda ya ga asirin wani." Ya maida numfashi. "Kuma kai ka ce in ya nuna kore za ka tafi. To na so ya nuna kore. Laifi ne?"

Nan ne ilmin Auta ya gaza. Na'ura ba ta san ana gwada ta ba. Mutum ya sani, kuma in yana ƙaunarka zai yi maka ƙarya har da jikinsa.

A barandar asibiti Yaya ta sami Auta ya haɗa kai da gwiwa. Ya jira faɗa, ba ta yi ba.

"Da zai yarda, da na ɗauke shi gidana tun yau," ta ce. "Amma ka san shi. Ni 'ya mace ce, mijina kuma suruki. Gara ya mutu da ƙishi."

"Ina son aikin nan, Yaya. Wallahi ina sonsa."

"Na sani. Ba wanda ya ce sonsa zunubi ne. Kuma ba zan ce maka ka zauna ba, don ba ni zan rasa ba. Abu ɗaya kawai, kada ka sake tambayar waya. Tambayi kanka."

Ya kira kamfanin, ya roƙi su bar shi ya yi aikin daga gida ko da na shekara guda. Matar da ke ɗaukar ma'aikata ta saurare shi da ladabi, ta yi wa mahaifinsa fatan sauƙi, ta ce aikin na wanda zai zauna tare da su ne. Ya ce to ba zai iya zuwa ba. Ya ba ta sunan Dogo, ya ce hannunsa ya faɗa a aikin. Da ya kashe wayar bai ji wani sanyi a ransa ba. Masu cewa yin abin da ya dace yana zuwa da daɗi, ba su taɓa yinsa da tsada ba.

Dogo aka ɗauka. Ranar da labarin ya iso, an riga an sallamo Baba, yana kwance a ɗakinsa.

"Ka yi wauta," ya ce wa Auta.

"Wataƙila."

"Wata rana za ka dube ni ka tuna abin da na ci maka."

"Wataƙila, Baba. In na tuna, zan yi shiru."

Tsohon ya juya fuskarsa bango. Auta ya zaci barci ya yi, har ya miƙe zai fita, sai ya ji muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Titunansu fa? An ce wani kan bi ta saman wani."

Auta ya dawo ya zauna. Ya nemo hotunan birnin da ba zai je ba, ya riƙe wayar kusa da fuskar ubansa. Baba ya ƙura ido ga wata babbar gada mai hannu da yawa, motoci na bin ta a jere, ya daɗe yana kallo, leɓensa na motsi kamar mai lissafin inda zai sauya giya.

"Shi Dogon naka," ya ce daga baya, "ya iya tuƙi kuwa?"

"Ko keke bai iya ba."

"Kai, an yi asarar hanya," in ji Baba. "Matsa min na gaba in gani."