Taliya da Cuku a Gidan Mahauci

Kwana shida ke nan Yazid bai riƙe komi a cikinsa ba sai ruwa. A gidan Zaidu mahauci kuwa, inda ko kyanwa ta fi ta maƙwabta ƙiba.

Abin da ya faru kowa a Filinge ya sani. Yazid direba ne, yana jan motar 'yan kasuwa tsakanin Filinge da Abala. Ran Litinin wasu mutane bisa babura suka tare shi a daji, suka sauke fasinja, suka ware maza huɗu. Shi suka zaunar da shi gindin taya, suka ce ya buɗe ido ya kalla. Ba su ɓata harsashi ba, wuƙa suka sa. Da jandarmomi suka kawo shi gida babu ko ƙwarzane a jikinsa, amma ƙamshin miyar uwarsa na bugunsa a bakin zaure sai ya durƙusa yana amai.

A gidan mahauci maganin kowace cuta romo ne. Zazzaɓi romo, haihuwa romo, ɓacin rai ma romo. Rana ta uku uwarsa Habsatu ta tace romon ƙashi ta zuba cikin miyar kuka, ta kai masa ta ce babu komi ciki. Loma biyu ya yi ya gane. Tun daga nan ko fura aka miƙo sai ya juya fuska bango. Ruwan da yake sha ma shi ke rarrafawa ya ɗebo a randa da kansa.

Ran Lahadi da safe majo, babban malamin asibiti, ya zo, ya ja fatar hannunsa ya saki, fatar ta tsaya a tsaye. Ya ce in har la'asar bai ci wani abu ya zauna masa a ciki ba, a wuce da shi Yamai.

Lawali, ƙanen Zaidu, ya riga ya sami mota. Ya tarar da wansa a kasuwa bakin teburinsa, ranar kasuwa ce, mutane sun yi cincirindo.

"Yaya, mai mota ya ce da an kira la'asar shina ƙohwar gida."

"Da mi za a kai shi?"

"Da mota mana."

"Na ce da mi."

Duk sun san yadda Yazid ke yi in ya ji kukan inji ko daga nesa ne: sai ya shige ƙarƙashin gado yana buga kai da ƙasa. Babu mai sa shi cikin mota da lallashi. Idon Lawali ya sauka kan igiyar da ke rataye a ƙafar tebur, wadda ake ɗaure raguna da ita. Ya miƙa hannu ya kwance ta, ya naɗe ya sa a aljihu.

Zaidu ya soke wuƙarsa a katako. Ya ce wa mahaucin da ke gefensa ya ƙarasa sayar da abin da ya rage, ya fice.

Shekara uku ya yi a Sabha, can ƙetaren hamada, lokacin ƙuruciya, yana dafa wa leburori abinci a gidan da ba a ganin nama sai Sallah. Abin da ya koya can bai taɓa yi a gida ba, don mahauci ba ya shiga madafar matarsa. Ya tsaya shago ya ɗauki ƙunshin taliya, da kwalbar man gujiya da ba a ɓalle bakinta ba, da sabon kasko, da sabon cokali. Ya biya layin matan ƙauyen Tukunus masu cuku. Safi, wadda ya daɗe da sani, ta zaɓo masa uku na shekaranjiya, farare masu zanen tabarma, ba su gama bushewa ba.

"Zaidu, tumbin nan da kab ba ni ya kusa ƙarewa hwa. Ka aje mini wani."

Ya ɗaga mata hannu, bai ma kula da abin da ta ce ba.

A gida ya tuɓe rigar aiki ya jefa bayan danga. Ya yi wanka da sabulu har sau uku, ya matse lemun tsami a farcensa, ya sa rigar Juma'a. Habsatu ta tsaya bakin madafa riƙe da ƙugu.

"Malam, biki za ka?"

"Miƙo mini ɗan gaz."

"Ga gawayi nan a hure."

"Gawayi warin tukuba gare shi. Gaz nic ce."

"Shekara talatin ina dahwa maka, yau kai za ka gwada mini tukunya?"

"Ke kin gwada taki ran Laraba. Mun gani."

Ta sa gefen zane ta share ido, ta ɗauko gaz ɗin.

Yazid ɗan fari ne. Shekara ashirin da bakwai Zaidu bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba, haka aka san uba da ɗan fari. Yau ya ɗaga labulen ɗakin ya shiga da kayansa a hannu, ya zauna a ƙasa.

Yazid na jingine da bango, gwiwoyi a ƙirji. Leɓɓansa sun tsattsage. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Kai," in ji Zaidu. "Ban ce ka ci ba. Kallo nika so ka yi. Duk abin da zai shiga kaskon ga sai ka gan shi da idonka."

Ya ɗaga kaskon, takardar shago na manne a gindinsa. Ya ɓalle bakin kwalbar mai a gabansa. Ya yage ledar taliya da haƙori. Ruwan ma daga randar da Yazid ke sha ya ɗebo. Ya kunna gaz, ruwa ya fara tsuwa, ya watsa gishiri, ya karya taliyar biyu ya zuba. Idon Yazid na kan kaskon.

Zaidu ya ɗauki albasa. Hannunsa ya tafi aljihu da kansa, yadda ya saba, ya fito da 'yar wuƙa.

Numfashin Yazid ya canza. Diddigensa suka fara kartar ƙasa, yana tura bayansa cikin bango kamar bangon zai buɗe masa.

Zaidu ya dubi hannunsa. Ya wurga wuƙar ta ƙofa, aka ji ta faɗi can tsakar gida. Ya aza albasar kan murfin kwano, ya dunƙule hannu ya doka mata sau ɗaya ta fashe. Ya yayyaga ta da yatsu. Tafarnuwa ya murƙushe da gindin cokali. Bai dubi ɗansa ba sai da ya ji numfashin ya fara daidaita.

Labule ya motsa, hannun Habsatu ya shigo da gwangwanin tumatir.

"Mai da shi."

"Haka za ya ci ta hwara hwat?"

"Ba ni son ja cikin ɗakin ga. Mai da shi."

Hannun ya koma.

Taliya ta yi laushi. Ya tsiyaye ruwan cikin kwano, ya kakkarya cuku ya jiƙa a ruwan zafin. Ya goge kaskon, ya zuba mai, ya watsa albasa da tafarnuwa. Ɗakin ya cika da ƙamshi, ƙamshin da babu kitse cikinsa. Zaidu ya saci kallo. Maƙogwaron Yazid ya hau ya sauka. Bai yi yunƙurin amai ba.

Daga masallacin unguwa aka fara gwada lasifika.

Ya juye taliyar cikin mai, ya baje ta, ya danne da bayan cokali don gindinta ya yi ƙanzo. Ya jawo kwanon cuku. Ya yi laushi, yana jan zare tsakanin yatsu. Ya ɗebo cikin hannu, ya kai saitin kasko.

Nan maganar Safi ta dawo masa.

Cuku ba ya kama kansa. Tumbin ɗan akuya mai shan nono ake shanyawa ya bushe, a jiƙa shi, a ɗiga ruwansa cikin madara ta daskare. Wa ke ba matan Tukunus tumbin? Shi. Wannan da ke hannunsa, shi ya kwantar da ɗan akuyar da aka yi shi da tumbinsa, wata biyu da suka wuce, ya tuna har launinsa.

Hannunsa ya tsaya a sama, ruwa na ɗiga cikin mai yana tartsatsi.

Cokali ɗaya ne cikin ƙwarya guda ta madara. Ba ya wari, ba ya ɗanɗano, hancin kowa ba zai kama shi ba. In ya yi shiru, wataƙila yaron ya ci. In ya faɗa, ga igiya can a aljihun Lawali. Taliya da mai kawai kuwa ba za ta tsayar da namiji da ƙafafunsa ba, cukun ne abincin.

Ladan ya ɗaga murya. A waje aka ji takun Lawali, da muryarsa ƙasa-ƙasa yana tambayar Habsatu ko an haɗa kayan tafiya.

"Baba."

Kalma ta farko ke nan cikin kwana uku. Muryar ta bushe kamar kara.

"Babu komi ciki?"

Abin da ya tambayi uwarsa ke nan ran Laraba.

Zaidu ya mai da cukun cikin kwano. Ya share hannu a rigar Juma'a.

"Cikin kasko babu. Ka gani da idonka. Cikin wanga akwai." Ya tura kwanon gabansa. "Cukun Safi na. Da ruwan tumbi taka kama madara. Ni nib ba ta tumbin, ni niy yanka."

Kalmar ta fita kafin ya tare ta. Yazid ya runtse ido, kafaɗunsa suka hau rawa. Zaidu bai matsa kusa ba, bai ba da haƙuri ba. Bai iya ba. Ya sa cokali ya raba taliyar biyu, ya buɗe hanya a tsakiya har ana ganin gindin kasko. Ya watsa cuku a ɓangare ɗaya, ya bar ɗayan haka nan.

"Wanga nawa. Wancan babu mai shi."

Cukun ya narke ya shiga tsakanin taliya, gefensa ya soyu ya yi ruwan zuma. Ya kashe gaz. Ya aje kaskon a tsakaninsu, ya sa sabon cokalin ta gefen Yazid, ya yi bisimilla, ya sa hannu a nasa rabon, ya juya kafaɗa ya fara ci yana kallon ƙofa.

Mota ta tsaya ƙofar gida. Direban bai kashe inji ba.

Yazid ya zabura, ya kifa hannuwa a kunne.

"Lawali!" Zaidu ya daka tsawa da taliya a baki. "Shi kashe ta!"

"Yaya, lokaci ya yi, hanya ba ta da kyau in rana ta..."

"Na ce shi kashe ta, ko in hito in kashe mishi ita!"

Injin ya mutu. Inuwar Lawali ta tsaya jikin labule, igiyar na lilo a hannunsa.

Zaidu ya ci gaba da tauna. Bai san ɗanɗanon abin da yake ci ba. A masallaci aka ta da salla, aka yi raka'a ta fari, aka yi ta biyu. Loma ta bakwai ce ko ta takwas ya ji ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe, 'yar ƙarama, a bayansa.

Bai waiwaya ba. Ya ji an hura. Ya ji an tauna, a hankali, an daɗe ana taunawa. Ya ji an haɗiye. Ya tsaya cak yana jiran ɗayar ƙarar, ta amai, wadda gidan ya saba ji kwana shida.

Ba ta zo ba. Cokali ya sake taɓa kasko.

Sai da ya ƙirga biyar sannan ya juyo. Rabon da babu cuku ya ragu da kusan rabi. Gumi ya tsattsafo a goshin Yazid, taliya ɗaya ta maƙale a gemunsa. Ya tsaya da cokali a bakin hanyar da ubansa ya buɗe a tsakiya, yana kallon ƙanzon ɗaya gefen.

"Ɗan akuyar," ya ce. "An ba shi ruwa kahin nan?"

"Ban taɓa kwantar da dabba da ƙishirwa ba. Ka sani."

Yazid ya gyaɗa kai. Sannan ya sa bakin cokali ya ɓamɓaro ƙanzon cuku, ɗan kaɗan kamar farce, ya kai baki.

Zaidu ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya ɗaga labule. Habsatu na durƙushe gefen ƙofa, zane a bakinta. Ya karɓe igiyar daga hannun Lawali ya cilla ta kan rufin madafa.

"Sallami mai mota."

"Majo ya ce sai in ya zamna mishi a ciki, Yaya."

"To shi jira a bakin hanya, ba ƙohwata ba. Kuma tura ta za ku yi har kwanar titi, kar in ji inji."

Ya saki labulen ya koma ciki ya zauna inda ya tashi. Ya tura kaskon gaba kaɗan da yatsa.

"Yazidu," ya ce, sunan ya yi masa nauyi a baki. "Sannu-sannu. Akwai saura cikin leda."