Tanderun da Ba a Taɓa Hurawa Ba

Wanda ya yi wa mai jinyar ajali ƙarya, majinyacin ya tausaya wa ko kansa? Léonce Marchal ya karanta littattafai da yawa a ɗakin karatun garin Vierzon tun da ya bar aikin jirgin ƙasa, amma babu wanda ya amsa masa wannan. Ga shi kuma tsaye a gefen gadon maƙwabcinsa, hannunsa na dama a aljihun kwat, yana danne da wata wasiƙa.

"Farfesa, ku zauna mana," in ji Anselme Rouyer, da laƙabin tsokanar da ya saba kiransa da shi. "Kun tsaya mini a ka kamar limamin coci ya zo duba ko na shirya."

Léonce ya jawo kujera. An sauko da gadon falo, kusa da taga, tun da matakala ta gagari tsohon. Siririyar roba ta taso daga injin iska ta shiga hancinsa. Shekara arba'in da ɗaya yana gasa burodi, likita ya ce garin fulawar da ya shaƙa ne ya zauna masa a huhu.

"Grondin ya amsa?"

"Tukuna dai. Kun san wasiƙa daga can ba ta sauri."

"Ba ta sauri! Abarba tana tasowa daga tsibirin Réunion da yake ta iso kanti da ɗanyen ganyenta, takarda kuwa wata takwas tana hanya? Ko iyo take yi?"

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Léonce ya miƙa masa ruwa da hannun hagu. Wasiƙar da ke aljihunsa ta Anselme ce, ta bakwai da ya rubuta. Ta dawo da safen nan kamar sauran shidan, da hatimin gidan waya a kai: babu mai wannan suna a wannan adireshi.

Shekara ashirin da biyu bango ɗaya ya raba gidajensu a layin da ke bayan tasha. Sun binne matansu shekara biyu tsakani, sun sha kofi tare ba adadi, amma ba su taɓa sauka daga "ku" zuwa "kai" ba. Haka suka fara, haka suka zauna.

Duk watan Mayu Léonce ne ke cika wa mutanen layin takardun haraji. Bai wuce firamare ba, amma ya san dokar fiye da wasu na ofis, kuma yana son a san ya sani. Ladansa kwalbar zuma, ko zomo da aka feɗe. Shekara uku da suka wuce Anselme ya sayar da shagon burodinsa, haraji ya taso masa mai nauyi. A lokacin Léonce ya halarci wani taro a otal, inda wani mai zaƙin baki daga wani kamfani na Paris ya yi bayani. Doka ta ce duk wanda ya sa kuɗinsa a sayen kayan sana'a domin masu ƙananan sana'o'i a tsibiran Faransa na ƙetare, za a rage masa haraji fiye da abin da ya zuba. Kuɗin ba ya dawowa, ribar tana cikin ragin. Sharaɗi ɗaya ne: kayan su yi aiki shekara biyar.

Dokar gaskiya ce, Léonce ya bi ta layi-layi. Kamfanin ne bai bincika ba. Léonce ya kawo wa Anselme jerin kayan: tarakta, kwalekwalen kamun kifi, injin yanka katako. Anselme ya bi da yatsa har ya tsaya a layi na tara.

"Tanderu," ya ce. "Wannan nawa ne."

Ya zuba yuro dubu goma sha takwas. Abin da Léonce bai faɗa ba shi ne kamfanin yana ba da la'adar ɗari tara ga duk wanda ya kawo mutum. Da ita ya sake tukunyar ɗumama gidansa.

Sauran masu zuba kuɗi a irin wannan ba sa tambayar inda kayan suke. Lamba ce a cikin akwatin fom, shi ke nan. Anselme kuwa ya ɗauki abin da gaske. An aiko masa da hoton wani mutum mai farar riga a gaban tanderu, da suna a ƙasa, J. Grondin. Ya jingina hoton a kan talabijin, ya fara rubuta wa mutumin wasiƙu: yadda ake riƙe kwaɓi a ƙasa mai zafi, yadda ake sanin tanderu ya yi ba tare da duba ma'auni ba. Da ƙafafunsa suka yi nauyi ya ba Léonce makullin akwatin wasiƙunsa. Ta haka duk abin da ya dawo ya ƙare a cikin kwalin takalmi a ƙarƙashin gadon Léonce.

Da Anselme ya yi barci, Léonce ya nufi ƙofa a hankali. Maryse, 'yar tsohon, ta kira shi daga kicin. Direbar bas ce a Tours, ta ɗauki hutu ta zo jinya. Tana yanka albasa, ga wata takarda a buɗe kusa da katakon yankan.

"Monsieur Marchal, ku rufo ƙofar. Wannan ta rajista ce, sai da na sa hannu, shi ya sa ba ta bi ta akwati ba. Ku karanta, ku ne masu fahimtar yarensu."

Daga ofishin haraji take. An je an duba. A adireshin akwai shagon facin taya, babu tanderu, babu wanda ya taɓa jin sunan Grondin. Sai Anselme ya biya ragin duka, da tara a kai. Jimla dubu ashirin da bakwai.

"Gidan nan ke nan," in ji Maryse. "Ba shi da wani abu sai shi. Na yi waya da wata lauya a Bourges, tana da mutum sittin da kamfanin ya yi wa haka. Ta ce mai yiwuwa a cire tarar idan aka nuna yaudararsa aka yi. Tana neman wanda ya haɗa su, musamman in an biya shi, domin takardar biyan ita ce shaida. Wa ya kawo wa Baba mutanen nan?"

"Ni dai fom na cika."

"Na sani. Amma kuna wurin. Ta ba ni Alhamis ta sama, ƙarfe goma. Ku zo mu je tare, ku faɗi abin da kuka gani."

"Ba ni da abin da zan faɗa, Maryse. Na manta yadda aka yi."

Ta ajiye wuƙar ta dube shi. "Ku? Ku da kuke tuna kuɗin wutar Madame Thévenin na shekara goma?"

"Tsufa ne."

"To." Ta share ido da bayan hannu, ta ce albasa ce. "Abu ɗaya dai: kada ya ji. Ku bar shi ya tafi da tanderunsa."

Wannan roƙon ya yi wa Léonce daɗi, kuma daɗin da ya ji ne ya fi komai ba shi kunya. Ya koma gida ya zauna a kicin ɗinsa mai ɗumi, yana jera wa kansa hujjoji kamar yadda ya saba. 'Yar ce ta ce a yi shiru. Gaskiyar ba za ta ƙara wa mara lafiya kwana ba. Shi ma yaudararsa aka yi. Kowace hujja daidai take, amma da ya haɗa su sai ya ga duk gefe ɗaya suka karkata, gefen da sunansa zai tsira a layin.

Bayan kwana biyu, da hantsi, Maryse ta fita sayo magani ta bar shi da tsohon. Rana ta faɗo kan bargon. Anselme ya rame har zoben aurensa yana yawo a yatsa, amma idonsa tar.

"Ku miƙo mini Grondin."

Léonce ya ɗauko hoton daga kan talabijin.

"Ku sa tabarau, Farfesa. Me kuka gani?"

"Mutum a gaban tanderu."

"Ku dubi ƙasa. Tas, ko ɗigon gari babu. Ku dubi bakin tanderun, ko tabon hayaƙi. Yanzu ku dubi hannunsa." Ya ture hannun rigarsa da ƙyar, ya nuna damtsensa. Fatar sumul take, babu gashi ko ɗaya, sai layukan tsofaffin ƙuna a jere inda bakin ƙarfe ya sha lasarsa. "Wannan shi ne hannun mai burodi. Shi kuwa ku dubi nasa, gashi kamar na biri. Mutumin nan bai taɓa zura hannu a wuta ba. Ko ƙwai ban yarda ya iya soyawa ba."

Léonce ya cire tabarau. "Tun yaushe kuka lura?"

"Tun bara, da aka canza mini gilashi."

"Amma kuka ci gaba da rubutu."

"Wa zan gaya wa? Maryse burodin leda take saye. Wanda ya karɓi shagona daskararren kwaɓi ake kawo masa a mota, ya ɗumama ya ce ya gasa. Abin yana cikin kaina, shekara arba'in, dole in zuba shi wani wuri." Ya huta, injin yana ta hura iska. "Kuma ina son in ga ranar da za ku gaji da cewa wasiƙa ba ta sauri."

Léonce ya sunkuyar da kai. Wata mota ta wuce a layin, gilashin taga ya yi ɗan rawa.

"Léonce," in ji tsohon a hankali. "Nawa suka ba ka?"

Ka. Shekara ashirin da biyu, sai yau. Babu faɗa a muryar. Murya ce irin ta wanda ya buɗe ƙofar gidansa ya matsa gefe domin a shigo. Léonce ya ji lambar ta taso masa har maƙoshi, kalma biyu ce kawai, ɗari tara.

"Ba su ba ni komai ba," ya ce. "Kun san ni."

Anselme ya daɗe yana dubansa. Sannan ya kifa hoton a kan bargo.

"To, madalla," ya ce. "Ku ja mini labulen nan, Monsieur Marchal. Rana ta yi yawa."

Washegari da safe, wajen ƙarfe tara, Léonce yana wanke kofinsa ya ji ƙarar injin iskar ta ɗauke a bayan bango. Watanni yana jin ta har ya daina lura, sai da ta tsaya. Ya ji muryar nas ƙasa-ƙasa, ya ji Maryse ta ce "Baba" sau biyu. Ya tsaya da kofin a hannu, ruwa yana zuba a kai, har na famfon ya yi zafi ya ƙona shi.

Ranar Talata aka binne shi. Mutanen layin sun zo, da tsofaffin masu sayen burodinsa. A bakin maƙabarta Madame Thévenin ta kama hannun Léonce ta ce, "Ku ne kuka riƙe shi har ƙarshe. Irinku sun yi ƙaranci." Wasu biyu suka gyaɗa kai. Ya ce na gode. Da aka koma gidan shan kofi bai shiga ba, ya ce kansa ke ciwo.

Alhamis da safe an yi yayyafi. Maryse ta fito da jakar takardu, ta kulle ƙofar gidan mahaifinta, ta shiga ƙaramar motarta. Tana tayar da ita ta ga mutum a tsaye ta gefen taga, da kwat ɗin da ya sa ranar jana'iza, da kwalin takalmi a hammata. Ta sauke gilashi.

"Lafiya, Monsieur Marchal?"

Ya zaro wata takarda da aka ninke huɗu ya miƙa mata. Ta buɗe. Tambarin kamfanin ne a sama, sunansa a tsakiya, da sunan mahaifinta, da lambar.

"Ni ne na kawo su," ya ce. "Ya tambaye ni, na ce masa ba su ba ni komai ba."

Ta karanta takardar har ƙasa, ta sake komawa sama. Ruwa yana ɗiga daga hularsa zuwa kan kwalin.

"Ya sani?"

"Ya sani."

Ta kwashe jakarta da laima daga kujerar gefe ta jefa baya, ta miƙa hannu ta buɗe masa ƙofa daga ciki.

Ba su yi nisa ba suka tarar an sauke sandar mararrabar jirgi. Ta tsaya. Ta dubi kwalin da ke kan gwiwarsa.

"Wannan fa?"

"Wasiƙunsa. Duka bakwai."

Ta ɗauki ta sama ta farke bakin ambulan da ɗan yatsa. Rubutun mahaifinta ne, manyan baƙaƙe masu karkata, na mutumin da ya saba rubuta farashi da alli. Ta karanta a fili, muryarta ba ta fita sosai: "Idan dare ya yi zafi, ka rage yis, ka sa ƙanƙara a ruwan. Kada ka yi wa kwaɓi gaggawa, zai gaya maka da kansa."

Jirgin kaya ya zo ya wuce, tarago bayan tarago. Sandar ta ɗaga. Motar da ke bayansu ta yi ham sau ɗaya, ta jira, sannan ta kewaye su ta tafi. Maryse ta juya takardar ta ci gaba da shafi na biyu.