Kuɗin Bokiti

Da gawayi na zana wa Baba wani layi a jikin tankin ruwanmu, a tsaye ƙiƙam kamar sanda. Wata uku kacal na yi a jami'a, a ajin farko na ilimin tattalin arziki, amma kaina ya riga ya fi ƙarfin ɗankwali.

"Baba, ka ga wannan? Malaminmu ya ce akwai kayan da in ka ƙara musu kuɗi masu saye su gudu, kamar turare. Akwai kuma wanda ko ka ninka, dole a saya. Ruwa ne kan gaba."

Baba tsohon direba ne. Da kuɗin sallamarsa ya haƙa rijiyar burtsatse a ƙofar gida yana sayar da ruwa, ita kaɗai ce a unguwar tun da famfo ya ƙafe. Ya daɗe yana kallon zanen, yana sosa gemu.

"To, su mutanen fa?"

"Surutun kwana biyu za su yi, su dawo. Ina za su?"

Mama ta leƙo daga kicin ta ce, "Oh ni, yau 'yar jami'a ce ke koyar da ubanta. Tukunya dai har yanzu ba ta iya ɗorawa ba."

Muka yi dariya. Washegari kuɗin bokiti ya ninka.

*

Yadda na faɗa haka aka yi. Aka yi ta ƙunƙuni, sannan layin masu ɗiban ruwa ya dawo. Baba ya biya mini kuɗin makaranta ba tare da ya sayar da komai ba, har da sabuwar waya. Duk wanda ya zauna a bencinsa sai ya ji cewa 'yarsa ce ta gano dabarar.

Mutum ɗaya ce ba ta dawo ba, Goggo mai wanki. Ba jini ya haɗa mu ba, amma a bayanta na yi wata shida lokacin da aka yi wa Mama aiki. Bokiti takwas take ɗiba kullum: bakwai na wankin mutane, ɗaya na sha da wankan jikarta, 'yar shekara huɗu da muke kira Mitsitsiya.

Na lura ba ta zuwa. Abin da ke cin raina har yau ke nan, na lura. Sau biyu ina hango ta da safe daga cikin motar makaranta, tana gangarawa kududdufin bayan kasuwa, Mitsitsiya na riƙe da bakin zanenta. Na sunkuyar da kai cikin sabuwar wayata, na ce wa kaina ai na wanki ne kawai. A littafinmu ma an yi bayanin irinsu, 'yan ƙalilan da kan bar saye in kuɗi ya hau. Sakin layi ɗaya aka ba su.

*

Ranar da muka gama jarrabawa Mama ta ce in biya asibiti, Mitsitsiya na kwance da amai da gudawa. Na tarar ana mata ƙarin ruwa, idanunta sun faɗa, leɓɓanta sun tsattsage. Goggo na zaune a ƙasa tana mata fifita da kwali.

"A'a, 'yar boko, ke ce? Zauna mana. Ya karatu?"

"Goggo, me ya sa ba ki yi wa Baba magana ba?"

"In ce masa me? Ruwansa ne. Ga shi da 'ya a jami'a, karatu kuwa sai da kuɗi. Na ce bari mu lallaɓa har ki gama." Ta gyara wa yarinyar zane. "Tafasawa nake yi fa. Ranar nan ce gawayi ya yanke mini."

Na buɗe baki in ce mata ni ce, ni na zana, ni na ce ina za su. Ita kuwa ta kama hannuna da tafinta mai kaushin sabulu.

"Ke dai ki dage, kin ji? Mu ba mu yi ba, ga yadda muka ƙare."

Kwana uku bayan nan Mitsitsiya ta rasu.

*

Baba ya mayar da kuɗin bokiti yadda yake a da, bai ce mini uffan ba. Da ma ya zage ni. Sakamako ya fito, na fi kowa maki a darasin. Tambayar da ta fi tsoka ita ce a zana wancan layin a yi bayani. Takardar na ƙasan akwatina, ban nuna wa kowa ba.

Na wanke jikin tankin da soso da sabulu har yatsuna suka yi ja, amma in rana ta haska wurin ana ganin shatin layin. Goggo ta dawo ɗiban ruwa. Jiya ina tsaye a taga ta ɗaga mini hannu, ta tambaye ni yaushe za mu koma makaranta. Na tsaya har ta gama jidar bokitanta. Bakwai ta ɗiba.