Matacin da Ya Kwana a Waje

Lowell Brandvold mutum ne mai auna kayansa a kan sikelin kicin kafin ya sa su cikin jakar goyo. Ya taɓa yanke mariƙin burushin haƙorinsa da zarto don ya rage giram goma sha ɗaya, alhali likita ya daɗe yana roƙonsa ya rage kilo goma sha biyar daga tumbinsa. A shagon kayan tafiya na garin Billings da ke Amurka, in masu sayarwa suka hango shi ya nufi layin kayan tace ruwa, sai kowa ya tuna yana da aiki a sito. Lowell ya san komai game da matacin ruwa, kuma ba ya rowar iliminsa. A wanke shi da sirinji ta baya duk kwana biyu. Kada a matse jakar ruwan da ƙarfi. Babbar dokar kuwa, wadda yake faɗa yana ɗaga yatsa: in dare zai yi sanyi, mataci cikin jakar barci yake kwana, a jikin mai shi. Cikinsa zaruruwa ne sirara kamar gashi, kullum da danshi. In ruwan ya daskare sai su tsattsage, ƙwayoyin cuta su samu hanya, kuma daga waje ido ba zai ga komai ba. Matarsa Marlys ta ji wannan lacca har ta haddace. Shi ya sa take kiransa Farfesa.

Shekara uku Marlys ba ta hau dutse ba. Ƙodarta ta gaza, ta yi shekara biyu tana zuwa wankin ƙoda sau uku a mako, kafin a yi mata dashe da ta ƙanwarta Darlene. Maganin da take sha don kada jikinta ya ƙi baƙuwar ƙodar ya kwantar mata da garkuwar jiki. Ciwon cikin da zai sa Lowell kwana biyu yana zarya bayan duwatsu, ita zai iya kai ta gadon asibiti, ko ya ci ƙodar gaba ɗaya. Likitarta ta yarda da tafiyar bisa sharaɗi biyu: ta sha ruwa lita uku kullum, kuma ko ɗigo kada ya shiga bakinta sai an tace ko an tafasa. Lowell ya yi murmushi a ofishin, ya ce wa likitar ai ta samu wanda za ta gaya wa.

Abin da Marlys ke so shi ne ta kai tabkin Kwanon Shayi, tafiyar kwana uku daga inda ake barin mota a gindin tsaunukan Beartooth. Can suka saba zuwa tun kafin su yi aure. Ba ta yi dogon jawabi a kai ba. Ta dai ce tana so ta sake ganinsa, kuma da ƙafarta.

Rana ta biyu da yamma suka sauka a wani fili gefen ƙorama, saura mil biyar. Lowell ya tace ruwa, ya wanke matacin da sirinji kamar yadda ya saba koya wa duniya, ya rataye shi a reshe ya tsane. Sai Marlys ta kira shi da raɗa ya zo ya ga wasu bareyi uku a gangaren dutse. Suka tsaya kallo har bareyin suka gaji da su. Suka ci taliya, ta shanye sauran ruwan, suka shige tanti.

Da safe ya fito ya tarar da ciyawa ta yi fari fat, tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalminsa. Ya yi miƙa, ya ɗaga kai. Ga matacin can a reshe, da ɗan tsinin ƙanƙara a bakinsa kamar hancin mai mura.

 Daga nan ya ciro shi, ya cusa a hammata, ya zauna kan dutse kamar mai gwada zazzaɓi. Da ya narke ya je ƙorama ya ɗebo ruwa, ya matsa. Ruwan ya fito garau, kuma da sauri irin wanda bai taɓa gani ba tun ranar da ya saye shi. Lowell ya san abin da wannan saurin kan nufa. Amma ai jiya ya wanke shi sosai, ba mamaki shi ya sa. Watakila ma bakin ne kawai ya daskare, cikin bai ji komai ba. Ruwan ƙoramar daga ƙanƙarar tsauni yake saukowa, wa zai ɓata shi? Ya tuna da garken tumakin da suka wuce jiya a sama da nan, ya yi sauri ya manta da su. Kafin ya ankara ya cika gorar Marlys har baki.

Agogon hannunta ya yi ƙara a cikin tanti. Ƙarfe takwas, lokacin magani. Zik ɗin tantin ya buɗe, hannunta ya fito.

"Farfesa, ruwa."

Ya tako da gorar. Yatsunta har sun taɓa ta. Sai ya janye, ya kifar da ita, ruwan ya tsiyaye cikin ciyawa.

Marlys ta leƙo da kai, gashinta a hargitse. "To. Sabon wasa ne wannan?"

"Ya kwana a waje."

"Wa?"

"Matacin."

Ta dubi reshen, ta dube shi. "Kai?"

"Ni."

"Kai da ka tsare mijin Darlene a bikin 'yarsu kana masa bayanin zaruruwa har kek ya ƙare bai samu ba?"

Lowell ya mayar wa gorar murfinta.

"Ƙwayoyin tsarkake ruwan fa, na ko-ta-kwana?"

"Suna kan tebur a gida."

"Nawa ne nauyinsu?"

"Giram ashirin da takwas."

"Ai kuwa ka rage mana kaya."

Ya kunna risho ya tafasa mata kofi ɗaya, ta haɗiye magungunanta da ruwan zafi. Sannan ya ciro gwangwanin gas ɗin ya girgiza shi kusa da kunne. Ɗan ƙarami ya ɗauko, daidai kofin safe da abincin dare, domin shi ma ya auna shi. Wutar itace kuwa an hana tun Yuli saboda fari. In suka haƙura da abinci mai zafi, gas ɗin zai tafasa ruwan da zai mai da su mota. Ba zai kai su tabki ya dawo da su ba. Ya faɗa mata haka, yana kallon gwangwanin.

Da ta yi faɗa da ya ji sauƙi. Ba ta yi ba. Ta fara naɗe jakar barcinta a hankali, tana danna ta da gwiwa.

"Da ka ba ni na sha, da ban sani ba," ta ce.

"Haka ne."

"Ka yi tunanin yi?"

"Kamar minti huɗu."

Ta ɗaure jakar. "Shekara ashirin da bakwai da aure, minti huɗu ba yawa. Zo ka cire turakun tantin nan."

Suka juya. Ita ce a gaba, ba ta waiwayi tsaunin ba ko sau ɗaya, shi kuma yana baya yana kallon dunduniyar takalminta. Wata shida tana hawa da sauka a matakalar gidansu da buhun shinkafa a jaka don wannan tafiya. Duk abin da ya shirya zai faɗa, in ya kawo shi baki sai ya ji kama da lacca, ya mayar.

Sun yi kamar mil ɗaya sai suka ji ƙarar kofato da ƙararrawa. Wata tsohuwa ce a kan doki, da hular kaboyi da ta ga duniya, tana jan alfadarai uku ɗauke da kaya. Lowell da Marlys suka sauka daga hanya ta ɓangaren gangare, kamar yadda ake yi wa dabbobi, suka tsaya shiru. Alfadarar gaba ta ja tunga, ta miƙe kunnuwa.

"Ku yi magana mana," in ji tsohuwar. "In kuka yi shiru, alfadarar nan Gertie za ta ɗauka beyar ne, ƙaton naman dajin nan, ya goyo jaka. Ku faɗi ko mene ne, ta ji muryar mutum."

Lowell yana neman abin faɗa, sai Marlys ta ɗaga murya, tana kallon alfadarar ido cikin ido.

"Sannu, Gertie. Mijina ya bar matacinmu ya daskare."

Alfadarar ta saki kunnuwa. Tsohuwar kuma ta tsai da dokinta.

Sunanta Ardith Kowalke, ita ke kai wa masu gyaran hanya abinci da kayan aiki a can sama. Ta tambayi ina suka nufa, Marlys ta ce mota, da dai tabki ne. Ta faɗi zancen ƙodar cikin jimla biyu, ba ta nemi tausayi ba. Ardith ba ta ba ta ba. Ta sauko daga doki tana nishi, ta kwance jakar gefen sirdi, ta zaro wata safar ulu mai kauri. A cikin safar akwai famfon tace ruwa na ƙarfe, duk ya kokkoje, irin wanda Lowell kan nuna wa mutane a hoto in yana so su yi dariya.

Ta ɗora masa a hannu. Hannun ya auna shi da kansa, ba tare da izini ba: ya haura rabin kilo.

"Ya girmi aurenku, ina tsammani," in ji Ardith. "A sansani suna da babba, ba zan nemi wannan ba sai Lahadi. Ka iya da shi, saurayi?"

Rabon da a kira Lowell saurayi har ya manta. "Ai irin waɗannan, a gaskiya, matsalarsu ita ce..."

Marlys ta taka masa ƙafa.

"Ban iya ba," ya ce.

Ta kai shi bakin rafi, ta sa shi ya durƙusa. Ta warware famfon ta nuna masa cikinsa, wani farin tangaran mai kama da kyandir. In famfo ya fara tauri, datti ne ya rufe tangaran ɗin, sai a cire a goge da ɗan koren soso. Ga kuma wani zoben roba: ranar da tangaran ya sirance har ya wuce ta cikin zoben, ya gama aiki. Ta gwada, bai wuce ba. Ta miƙa masa soson.

"A hankali. Ba tukunya kake kankarewa ba. Duk gogar da ka yi, kwanansa kake ragewa."

Ya sassauta.

"Yanzu mayar. Ba haka ba, robar ta fara zama. 'Yar'uwa, a gida ma haka yake?"

"Ya fi haka," in ji Marlys. "Yau ba shi da lafiya ne."

Ya haɗa, ya jefa tiyon cikin ruwa, ya fara bugawa. Ruwan na fitowa kaɗan-kaɗan, kamar ana roƙonsa. Ardith ta tsaya a kansa har gorar ta cika.

"Shi ma ba ya shiri da ƙanƙara. A ina zai kwana?"

"A jikina."

"Da safarsa."

"Da safarsa."

"In kun sauka, akwai koriyar a-kori-kura a wurin ajiye motoci, da tirelar dawaki a bayanta. Ba na kulle ta. Ka tura shi ƙarƙashin kujera."

Lowell ya so ya yi godiya mai tsawo, ya fasa. Ya laluba aljihun jaka ya ciro cakulan ɗin da ya ɓoye wa kansa, ya miƙa mata da niyyar ta ɓalli gefe. Ta karɓe duka ta sa a aljihun riga, ta hau dokinta.

"Ku bar mu mu yi nisa tukun. Gertie ba ta son a bi ta a baya."

Suka jira har ƙararrawar ta dushe, sannan suka sake juyawa, suka bi mil ɗin nan karo na uku. Suka wuce filin da suka kwana, babu wanda ya dubi reshen. Hawan ƙarshe ya ba Marlys wuya. Tana yin taku hamsin ta tsaya, ta dafa sanda, ta numfasa. Sau biyu ya durƙusa a bakin ruwa ya buga mata famfo, sau ɗaya famfon ya yi tauri, ya warware shi ya goge, a hankali, yana waige kamar tsohuwar na kallonsa.

Rana ta karkata sosai lokacin da suka haye tudun ƙarshe. Tabkin na nan a ƙasa. Fari ya janye shi, ya bar laka baƙa a kewaye, da wani busasshen gungume a kwance rabinsa cikin ruwa. Marlys ta sauke jakarta ta tsaya tana kallo, hannunta a ƙugu.

"Na ɗauka ya fi haka girma," ta ce.

"Ya fi. Bana ce."

"Ga laka. Ga sauro ma." Ta share ido da bayan hannu, tana dariya ƙasa-ƙasa. "Kai, ya yi kyau."

Ta zauna kan wani faffaɗan dutse ta cire takalma, ta miƙe ƙafafu a rana. Lowell ya zaro famfon daga safarsa, ya taka lakar har ta haɗiye masa takalmi ɗaya, ya samu wuri a kan gungumen. Bugu tamanin da wani abu kafin gora ta cika. Ya kawo mata. Ta kafa kai, yana kallon maƙogwaronta na motsi, ba ta sauke ba sai da ta ga gindin gorar. Ta goge baki, ta miƙo masa ba tare da ta ɗauke ido daga ruwan ba.

"Ƙara."

Ya koma cikin lakar. Kafaɗarsa na zafi, sauro ya samu bayan wuyansa, safar ƙafarsa ta jiƙe sharkaf. Ya fara bugawa yana ƙidaya, wajen talatin da wani abu ya ji ta fara 'yar waƙa a bayansa, lissafin ya ɓace masa, ya ci gaba da bugawa haka nan.