Ajiyar Baba

Likita ya saki hannun tsohon, ya juyo wajen Auta, 'yar tsohon.

"Baiwar Allah, yunwa ce ta kayar da mahaifinki. Kuna ba shi abinci kuwa?"

Tun da aka sallami mijin Auta daga aiki, gidan ya koma cin safe da na dare. Ita na safen ma ta yafe. Rabonta na burodi a farantin Baba yake ƙarewa, ta tafi shagon ɗinki da ruwan shayi kaɗai a ciki.

Kullum in ta kai masa, sai ya ce ta ja masa ƙofa, ba ya son a zuba masa ido yana ci. Amma kafin ta fita sai ya biya mata karatun da ta riga ta haddace.

"Ku 'yan yanzu ba ku da ƙashi. A ɗauke wuta ku hau kuka. Mu lokacin yaƙi ganye muka dafa, muka sha ruwan kwata, ga mu nan daram."

Aka ba shi gado, aka sa masa ƙarin ruwa. Auta ta koma gida ɗauko masa bargo da kayan sawa. Da ta ja bargon, gefen katifar ya ɗaga, wani warin tsami ya bugi hancinta.

Burodi ne, jere reras daga kai har ƙafa, kowane yanki a naɗe cikin tsohuwar jarida. Na can ciki sun yi kore. Na bakin gado na jiya ne. Ta gane yankan wuƙarta.

Ta kwashe masu dama-dama a leda, ta koma asibiti, ta ajiye masa a kan cinya.

Baba ya leƙa ledar, ya haɗe rai.

"Wa ya aike ki taɓa min ajiya?"

"Baba, kashe kanka za ka yi?"

"Na jikokina ne. Ranar da wahala ta zo, ina za ki samo musu? Mu da muka ga yaƙi ba ma cinye abu don kawai yana gabanmu."

"Wai wahalar ba ta zo ba tukuna?"

Ya yi 'yar dariya. "Wannan? Auta, ai ba ku ga komai ba."

Jiri ya ɗebe ta, ta lalubi kujera ta zauna. Ta warware yanki ɗaya, busasshe kamar katako, ta tsoma a shayin da nas ta kawo masa, ta fara ci.

Baba ya bi hannunta da kallo har loma ta uku.

"A hankali dai," ya ce. "Ki rage na gobe."