Tiren Nas a Hannun Baba

Sau biyu Baba yana zuwa asibiti gwajin lafiya, sau biyu na'urar awon hawan jini tana ba shi kunya. Makarantar da yake tuƙa wa motar ɗalibai ta ce ya kawo takardar likita kafin Litinin, in ba haka ba a miƙa wa wani makullin. Abin haushi, a gida awonsa lafiya lau yake. Da ya ga farar riga sai jinin ya haye.

Auta, 'yarsa da ta karanci ilimin ƙwaƙwalwa a jami'a, ta zaunar da shi a falo.

"Baba, akwai wani ɗan wuri a ƙwaƙwalwa, bai fi ƙwayar gyaɗa ba, aikinsa gadi. Da ya hango haɗari sai ya busa usur, zuciya ta kama gudu. Naka maigadin, nas yake ɗauka ɓarauniya."

"Ni zan ji tsoron nas? Yarinyar da na haifi kamarta?"

"Tun ina amarya yake gudun allura," in ji Mama daga kicin.

Auta ta koya masa ya ja numfashi yana ƙirga huɗu, ya sake shi yana ƙirga shida, hankalinsa na kan iskar da ke wucewa ta hancinsa. In tunani ya sulale, ya dawo da shi ba tare da faɗa ba. A falo abin ya ƙi, domin da ya lumshe ido Mama za ta leƙo ta tambaya ko a kawo wa ɗalibi filo. Sai ya koma cikin motar da yake fakawa a ƙofar gida. Kullum da yamma yana kujerar direba, hannuwa a kan sitiyari, gilashi a rufe. Kwana biyar ya ƙware.

Ranar Juma'a Auta ta raka shi asibiti. Ɗakin awon ƙarami ne, tebur ɗaya, kujera biyu, sai warin magani. Nas ta ɗaura masa abin awo a damtse, na'ura ta yi ƙugi, ta tsaya a ɗari da sittin da biyu.

"Baba, huta minti biyar mu sake," in ji nas. "In ya maimaita, abin da na gani zan kai wa likita."

Auta na tsaye jikin ƙofa. Baba ya rufe ido, leɓɓansa na ƙirga, amma kafaɗunsa sun ƙi sauka. Sai ta lura da yatsunsa suna damƙar iska, ƙafarsa ta dama na laluben ƙasa. Nan ta gane kuskurensu. Ƙwaƙwalwarsa ta ɗaure nutsuwa da sitiyari, don a nan kaɗai ta koye ta.

Ba ta saba yi wa baƙi magana ba, amma ta matso kusa da nas.

"Sista, don Allah ko za ki ara mana tiren nan?"

Nas ta dube ta, ta dubi zagayayyen tiren ƙarfen da ke kan tebur, ta kwashe audugar da ke ciki ta miƙa. Baba ya karɓa da hannu biyu kamar sitiyari, ya gyara zama.

"Hannun da na ɗaure, a tebur zai kwanta, Baba," in ji nas.

"Ba komai, 'yata. Shekara ashirin da hannu ɗaya nake tuƙi."

"Wannan ban ji ba," in ji nas, tana danne dariya.

Kafaɗun suka sauka a hankali. Auta ta tsinci kanta tana ƙirgawa tare da shi. Na'ura ta sake ƙugi: ɗari da talatin da huɗu. Nas ta jira, ta sake aunawa don ta tabbatar, sannan ta ja takarda ta rubuta.

"Kai wa likita ya sa hannu. A ba ni tirena, Baba, mun iso."

Bai saki nan take ba. Sai da ya waiga hagu ya ga ba kowa, ya karya kan tiren zuwa dama sannu a hankali, ya faka.